Man Shanu a Tukunyar Kammuna

Akwai wata mata a Hara Kabira, unguwar Yahudawa ta tsibirin Jarba, sunanta Gazala. Ita ke riƙe da tanderun unguwa tun ranar da mijinta Ma'atug ya rasu.

Kowa ya faɗa mata ba aikin mata ba ne. Ta ce to a kawo namijin da zai ciyar da ita da ɗanta Hawita. Ba a kawo ba. Ta ɗaure kanta da ɗankwali, ta ɗauki dogon cebur na katako, ta tsaya inda mijinta yake tsayawa.

Duk mako burodi ake gasawa, amma Juma'a ita ce ranar tanderu. Asabar ba a hura wuta, ba a taɓa ta. Don haka kowace mace takan dafa tafinarta, abincin Asabar, rabin dahuwa, nama da alkama da wake da ƙwai, ta kawo tukunyar da zafinta. Gazala ta jera su a ciki, ta liƙe ƙofar da laka, su kwana suna nuna a hankali har maza su fito daga ɗakin ibada washegari.

Ranar Juma'a da yamma Rebbi, malamin unguwa, yakan hau rufi ya busa ƙaho. Busar farko, a rufe shaguna. Busa ta biyu, Asabar ta shigo, hannu ya tsaya. Abin da ba a gyara ba kafin nan, haka zai kwana.

Ma'atug mutum ne mai magana yana aiki. Yakan ce wa Gazala, yana tura itace, Allah ya saka wa kowane mutum abu biyu a ƙirji: ɗaya yana ja zuwa alheri, ɗaya zuwa sharri, wanda muke kira yeser hara. Kuma dukansu Shi ya halicce su. Yakan ce kada ta roƙi Allah ya kashe mata na biyun, don in ya mutu babu mai tashi da asuba ya yi gini, babu mai aure, babu mai kishin sana'arsa. Yakan ce ta dubi wutar nan dai. A cikin tanderu abincin unguwa ce. In ta hau rufi, unguwar za ta ci.

Gazala takan ce ya rage wa'azi ya duba burodi. Amma ta ji.

Bayan rasuwarsa ta riƙe tanderun da tsabta har mata suka fara baro na Bashiri, ɗaya tanderun da ke can ƙarshen layi. Bashiri yana da ƙanwa, Kammuna matar maƙerin azurfa. Wata rana a bakin rijiya Kammuna ta ce, ita dai ba ta son magana, amma ta ga Gazala tana gasa wainar man shanu a wurin da ake ajiye tukwanen nama.

Nama da nono ba sa haɗuwa a gidanmu, ko a tukunya, ko a cokali, ko a ciki. Macen da aka ce tana haɗa su an gama da ita.

Rebbi ya zo ya duba, ya ce bai ga komai ba, tanderu tsarkakakke ne. Amma kafin maganarsa ta zaga unguwa, ta Kammuna ta riga ta kwana a kowane ɗaki. Iyayen yarinyar da Hawita zai aura suka aiko cewa sun fasa. Yaron bai iya ɗaga kai a kasuwa ba. Ya hau jirgin ruwa zuwa Marsiliya, kuma bai dawo ba.

Tukwanen da mata suka janye daga tanderunta sun dawo a hankali, don yunwa ba ta riƙo. Ɗa bai dawo ba. Tun daga lokacin Gazala ba ta bar ko ɗigon nono ya tsallaka ƙofar ɗakin tanderu ba. Tulun man shanunta yana can ɗakinta, ƙetaren tsakar gida. Kuma ba ta sake yi wa Kammuna magana ba. In sun haɗu a hanya, kowacce ta sami bangon da za ta kalla.

Shekaru suka wuce a haka.

Sai wata damina rufin tanderun Bashiri ya tsage. Unguwa gaba ɗaya ta koma wurin Gazala. Kuma a wannan makon ne dangin saurayin Urida, 'yar Kammuna, suka zo daga garin Jarjis don su yi Asabar a gidanta, su ga yarinya, su ci abincin uwarta, a tsayar da magana.

Kammuna ba ta da inda za ta kai tukunya.

Ta zo bayan kowa, dab da busar farko, tana riƙe da babbar tukunyar ƙasa mai jan baki, wadda ta gada daga uwarta. Ta ɗaure murfin da tsumma, ƙulli a kan ƙulli. Akwai mata biyu-uku a bakin ƙofa suna hira.

Da ta ajiye ta tafi da bakinta a rufe, da babu labari. Amma wasu mutane kunya ce ke sa su tsiwa.

"Ga tawa, matar Ma'atug. Na ɗaure murfin da kyau. Kin san gidan nan, abubuwa sukan faɗa tukunya."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya, ta rufe baki da mayafi. Gazala ta karɓi tukunyar ta ajiye a gefe.

Ƙaho ya yi busar farko. Matan suka watse, kowacce ta tafi wanke yara da shirya fitila. Aka bar Gazala ita kaɗai da tukwane.

Ta jera su duka a ciki. Saura mai jan baki.

Ta tsaya tana kallon ƙullin nan. Sai wata magana ta taso mata a ƙirji, a hankali, da ladabi. Ta ce: sun ce kina haɗawa. Kin biya kuɗin laifin da ɗanki, ba ki ko aikata ba. To ki aikata sau ɗaya mana, a tukunyar wadda ta fara faɗa. Ba za ta ji a baki ba. Ita da mijinta da surukanta masu dogon gemu, su ci haram su lashe hannu su yi godiya. Ke kaɗai za ki sani, kuma duk ranar da ta wuce tana ɗaga hanci, kin sani.

Gazala ta tsallaka tsakar gida. Ta buɗe tulu. Kowace mace ta san ɗigo ɗaya ba ya haramta babbar tukunya, yakan ɓace a ciki. Don haka ba ɗigo ta ɗebo ba. Ta cika babban cokali har ya yi tozo.

Ta dawo, ta kwance ƙullin a natse don ta iya mayar da shi yadda yake. Ta ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskarta. Ta karkata cokalin.

Man ya narke kafin ta ƙifta ido. Ya yi ɗan zobe mai sheƙi a kan romon, ya shige cikin kitsen nama, ya ɓace.

Kada in yi muku ƙarya, ta ji daɗi. Wani sanyi ya sauka a zuciyarta irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta mayar da murfi, ta ɗaure, ta ɗora tukunyar a kan cebur, ta nufi bakin tanderu.

A nan ta tsaya.

Hasken garwashi ya haska mata tukwanen da ta jera. Ga 'yar ƙaramar tukunyar Inna Tita, tsohuwar da idonta ya tafi, wadda ta haura tamanin ba ta taɓa sa haram a baki ba. Ga ta maijego. Ga ta gidan Rebbi. Ga tata can a lungu. Kuma wa ya fi ta sanin cewa tukunya takan tafasa ta zubo da dare? Ita ke kankare ƙasan tanderu duk Lahadi. Romon wannan yakan bi ƙarƙashin waccan. Tururi ba ya tambayar tukunyar waye.

Ta yi niyyar ɓata gida ɗaya, ga ta za ta ɓata unguwa.

Ta sauke cebur. Maganar nan ta dawo, ta ƙara ladabi. Ta ce: gaskiyarki, kada ki sa a ciki. Binne ta a toka mai zafi can waje, ta nuna ita kaɗai, gobe ki miƙa mata. Babu wanda ya cutu sai wadda ta cancanta.

Gazala ta girgiza kai.

Maganar ta ce: to shi ke nan, ke mai tsoron Allah ce. Sake ta ta faɗi. Ki ce ta suɓuce daga cebur. Babu wanda ya ci haram, sunanki bai taɓu ba, ita kuma ta ji kunya gaban surukanta. Kowa ya huta.

Wannan ta ukun ita ce ta fi haɗari, don ta zo da rigar mutanen kirki. Gazala ta daɗe a tsaye da ita. Sannan ta lura da wani abu: muryar nan ba ta baƙo ba ce. Ba ta shigo ta taga ba. Muryarta ce, irin wadda take ciniki da ita da mai itace. Kuma abin da take ce mata ta yi, shi ne dai abin da Kammuna ta yi a bakin rijiya: a faɗi abin da bai faru ba, a tafi gida a kunna fitilar Asabar da hannu a wanke.

Ta dubi rana ta ƙofa. Ranar ta sauko, amma ba ta taɓa kan dabino ba.

Ta naɗe hannu da tsumma, ta rungumi tukunyar, ta fita.

Mata a bakin ƙofofi suka ga mai tanderu tana tafiya da tukunya zuwa inda tukwane ke fitowa. Wasu suka biyo ta. Ta tsaya a ƙofar maƙerin azurfa, ƙofar da ta yi shekaru ba ta kalla ba, ta kira.

Kammuna ta fito tana gyara ɗan kunne. Baƙin suna can ɗakin ciki.

"Lafiya? Ko ta ƙone tun ba ta shiga ba?"

"Na zuba man shanu a tukunyarki," in ji Gazala. "Cokali cike. Da hannuna, ina sane."

Kammuna ta nemi bango ta jingina. Inna Tita, da ke zaune a dakalinta tana jin komai, ta ce a yi wa baiwar Allah uzuri, ai wannan ba yin kanta ba ne, ko aljanin toka ne ya shige ta, ko baki ne ya kama ta.

Ga ƙofar kuɓuta an buɗe wa Gazala. Matan ma sun fara gyaɗa kai, don ya fi sauƙi a zagi aljani.

"A'a, Inna. Babu aljani. Da ƙafata na tsallaka tsakar gida, ni na buɗe tulu, ni na kwance ƙulli. Ina da lokacin fasawa a kowane taku, ban fasa ba. Tukunyar ba ta shiga tanderu ba, naku lafiya suke. Amma wannan ta haramta, ita da abin da ke ciki."

Tukunyar ƙasa in ta sha haram ba ta wankuwa, sai fasawa. Kammuna ta san haka. Ta dubi jan bakin nan da uwarta ta dafa tafinar aurenta a ciki, hawaye suka zubo. Ta ce a hankali, don kada baƙi su ji, yanzu me za ta ba mutanen Jarjis gobe, zaitun?

Gazala ta ce rana ba ta faɗi ba. Tana da babbar tukunyar zamanin Ma'atug, wadda ba a ɗora ba tun tafiyar Hawita. Tafinarta gaba ɗaya za ta shiga ciki. Sauran kuma za ta roƙo.

Tukwanen unguwa duk suna hannunta, da ta so da ta ɗiba ba wanda ya sani. Amma wadda ta fito daga laifin ɓoye ba ta gyara shi da sata. Ta bi layi ƙofa-ƙofa, kusan da gudu, tana neman izinin ludayi ɗaya daga kowace tukunya. Kuma a kowace ƙofa sai an tambaye ta dalili, a kowace ƙofa sai ta sake faɗa da bakinta.

Ba kowa ya tausaya ba. Wata ta ce ashe dai Kammuna ba ta yi ƙarya ba tun farko. Wata ta tura mijinta ya ɗauko tukunyarsu, ta ce gara su ci ɗanye. Gazala ta ji, ta haɗiye, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba. Zafin nan da ya kai ta ɗakin tulu bai tafi ko'ina ba, yana nan a ƙirjinta yana ci. Shi ne yanzu yake ɗaga mata ƙafa.

Maijego ta ce a ɗiba. Matar Rebbi ta ce a ɗiba, kuma ta yafa mayafi ta biyo ta don ta zama shaida. Inna Tita ta ce a kwashe naman nata duka, da wane haƙori za ta ci, dama ƙawa take sa shi.

A bakin tanderu Gazala ta jawo tukwanen waɗanda suka yarda. Ta miƙa wa Kammuna ludayi, ta ce ita ta ɗiba da kanta, yau hannun mai tanderu bai cancanci taɓa abincin kowa ba. Kammuna ta ɗiba. Tukunyar Ma'atug ta cika har wuya.

Aka tura ta ciki. Gazala ta kwaɓa laka tana liƙe ƙofa, hannu biyu, gumi yana shiga mata ido. Tana shafe tsagar ƙarshe, ƙaho ya yi busa ta biyu.

Washegari mutanen Jarjis suka ci, suka ƙara, aka tsayar da maganar Urida. Uwar saurayin ta ce ba ta taɓa cin tafina mai ɗanɗano iri-iri haka ba, a ba ta sirrin. Kammuna ta ce na unguwa ne. Gazala kuwa ta ci burodi da zaitun a ɗakinta.

Ranar Lahadi aka haƙa rami a bayan gari aka binne abincin, aka fasa tukunya mai jan baki. Rebbi ya ce tanderu bai taɓu ba. Ya ce wa Gazala ta sayi sabuwar tukunya, sannan ya tuna mata abin da ta riga ta sani: laifin da ke tsakanin mutum da Allah, Allah ake roƙo. Wanda ke tsakanin mutum da mutum, ko ta yi azumi har ta bushe, Allah ba ya yafewa sai mai haƙƙi ya yafe.

Ta kai tukunyar, ta roƙi gafara. Kammuna ta karɓi tukunya, ba ta amsa ba. Gazala ta koma washegari. Aka ce Kammuna tana barci.

A cikin makon Bashiri ya gyara rufinsa. Da Juma'a ta zo, Gazala ta hura wuta kamar kullum, tana sane cewa watakila ita da Inna Tita kaɗai za su ci gajiyarta. Tukwane suka zo kaɗan. Wasu matan suka tsaya nesa suna kallo, tukwanensu a ka, ba su yanke inda za su ba.

Sai ga Kammuna. Ta wuce hanyar tanderun wanta ba ta waiwaya ba. Tana riƙe da sabuwar tukunyar, kuma babu tsumma a murfin, babu ƙulli.

Ta ajiye a gaban Gazala. Ta juya ga matan, ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Shekarun baya na ce na ga matar nan tana gasa man shanu a wurin nama. Ban gani ba. Ban taɓa gani ba. Ita ta zuba a tukunya ɗaya, ta rungumo ta da zafinta ta kawo min ƙofa. Ni na zuba a kunnen unguwa, na koma gida na yi barcina, har ɗanta ya bar gari."

Ta juyo. Ta ce ta yafe tukunyar uwarta, in Gazala za ta iya yafe abin da ya fi tukunya. Ta ce ta riga ta ba surukinta, saurayin Urida, saƙo, yana zuwa Marsiliya da kaya, ya nemi Hawita ya faɗa masa abin da ta faɗa yau, kalma da kalma.

Muryar nan ta ƙirji ta motsa, ta ce yanzu ne lokacinki, ki bar ta a tsaye gaban mutane ta ɗanɗana. Gazala ta ji ta sarai. Ta ce, "Na yafe."

Kammuna ta ɗaga murfi da kanta, ta miƙa mata cokali.

"To ɗanɗana min gishiri, uwar Hawita."

Gazala ta ɗanɗana, ta taɓe baki.

"Ya yi kaɗan. Ke tun kina amarya kike rowar gishiri."

Ta ɗebo daga nata ta barbaɗa, a gaban kowa, ta ɗora tukunyar a cebur ta tura ta tsakiya, wurin da ya fi kowane wuri daidai. Matan da ke nesa suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ɗauka muryar nan ta mutu daga ranar. Ba ta mutu ba, kuma ba za ta mutu ba sai mai ita ya mutu. Wata Juma'ar in Gazala ta tuna shekarun da ɗanta ya yi a ƙasar mutane, takan taso da zafinta. Sai Gazala ta ɗauki gatari ta fita wurin itace. Mutanen Hara sukan ce ba su taɓa ganin tanderu mai tarin faskare irin nata ba.

Darasi: Sharri ba baƙo ba ne da ke shigowa ta taga, a ƙirjinka yake, da muryarka yake magana, kuma yakan zo da ladabi. Ba a ce ka kashe shi ba, an ce ka fi ƙarfinsa ka sa shi aiki. In ya kayar da kai, kada ka ɗora wa aljani, kada ka rufe da ƙarya. Ɗauki abin da ka ɓata ka kai ƙofar mai shi tun rana ba ta faɗi ba. Ku tura wa wanda kuka san yana riƙe da cokalinsa a kan tukunyar wani.